Yadda mawaƙan sa-kai na wani garin Amurka suka riƙe waƙoƙin Bach fiye da ƙarni guda

A duk watan Mayu, a garin Bethlehem da ke jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka, maza da mata kusan ɗari kan jeru a cikin wata tsohuwar majami'a ta Jami'ar Lehigh, su shafe kimanin sa'o'i biyu suna rera waƙa guda ɗaya da harshen Latin. Babu wanda ya tashi da wannan harshe a cikinsu, kuma babu wanda ake biyansa ko sisin kwabo. Kowa yana da sana'ar da yake ci da ita, da iyalin da yake ɗawainiya da su. Abin da ya tara su shi ne waƙoƙin ibada da wani Bajamushe mai suna Johann Sebastian Bach ya tsara kusan shekara 300 da suka wuce.

Ana kiran ƙungiyar tasu Bach Choir of Bethlehem. An kafa ta a 1898, kuma ita ce mafi daɗewa a Amurka cikin ƙungiyoyin da suka keɓe kansu ga waƙoƙin Bach. Tarihinta ya nuna yadda tsofaffin waƙoƙin ibada na Turai suka kusa zama takardun ajiya kawai, da irin rawar da mutanen gari, waɗanda ba da waƙa suke ci ba, suka taka wajen dawo da su bakin jama'a.

Me ake nufi da tsofaffin waƙoƙin ibada?

Masana kiɗan Turai suna amfani da wannan suna ga waƙoƙin da aka tsara domin sujada tun daga tsakiyar zamanai har zuwa wajajen 1750, shekarar da Bach ya rasu. Da farko waƙar coci murya ɗaya ce. Limamai da masu zaman zuhudu kan rera addu'o'i da Latin a kan kari guda, ba tare da kayan kiɗa ba, kuma da ka ake koyon su. A farkon ƙarni na 11, wani malamin zuhudu a Italiya mai suna Guido na Arezzo ya inganta hanyar rubuta sauti a kan layuka, ta yadda mutum zai iya rera waƙar da bai taɓa jin ta ba. Wannan rubutu shi ne ya sa waƙoƙin suka kai ga zamaninmu.

Da rubutu ya samu, sai masu tsara waƙa suka fara ɗora murya a kan murya. Wajajen shekarar 1200, a babbar majami'ar Notre Dame ta birnin Paris, Pérotin ya rubuta waƙoƙi masu muryoyi uku da huɗu. Salon ya kai ƙololuwa a ƙarni na 15 da na 16, a hannun mutane irin su Josquin des Prez wanda ya rasu a 1521, da Palestrina na birnin Rum wanda ya bar waƙoƙin sujada ta Mas fiye da 100 kafin rasuwarsa a 1594, da Thomas Tallis na Ingila wanda ya tsara wata waƙa mai muryoyi 40 daban-daban.

Ga wanda ya saba da waƙar jagora da 'yan amshi, wannan tsari yana buƙatar bayani. A nan babu jagora, babu mai amshi. Ana raba mawaƙa gida huɗu bisa kaurin murya: siririyar muryar mata ko ta yara da ake kira sofrano, sai alto mai ɗan kauri, sai teno ta maza, sai bas wadda ta fi kowace kauri. Kowane gida yana da nasa karin, wanda zai iya tsayawa da ƙafarsa. Wani gida zai fara, kafin ya kai ƙarshen jimla wani ya shigo da irin karin a sama ko a ƙasa, na uku ya biyo, har su haɗu kamar zaren saƙa, wannan ya bi ta kan wancan, amma ƙyalle ɗaya ake saƙawa. Wahalar ita ce dole mawaƙi ya riƙe nasa zaren alhali kunnensa yana jin na maƙwabcinsa yana tafiya wata hanya dabam.

Wane ne Bach?

An haifi Bach a garin Eisenach na Jamus a 1685, cikin zuri'ar da ta gaji kiɗa kaka da kakanni. Ɗan ɗarikar Luta ne, wadda take da mabiya masu yawa a Najeriya, musamman a jihar Adamawa inda hedikwatarta take a Numan. Martin Luther ya dage a kan jama'a su riƙa rera waƙar ibada da harshensu, don haka Bach ya tashi a tsakanin gado biyu: tsohuwar saƙar muryoyi ta Latin, da waƙoƙin taron jama'a na Jamusanci.

Daga 1723 har rasuwarsa, shekara 27 ke nan, shi ne shugaban kiɗa na majami'ar Thomas da ke birnin Leipzig, kuma malami a makarantarta. Aikinsa ne ya samar da waƙar kowace Lahadi da ta ranakun idi. Kimanin 200 daga cikin waƙoƙin da ake kira kantata, waɗanda ya tsara domin wannan hidima, sun tsira zuwa yau. Wasu da dama sun ɓace. Ya kuma tsara manyan ayyuka biyu a kan labarin shan wahalar Yesu Almasihu kamar yadda littattafan Yohanna da Matiyu suka kawo shi.

Mawaƙansa yaran makaranta ne, kuma bai gamsu da su ba. A watan Agustan 1730 ya rubuta wa majalisar birnin takardar koke, inda ya kasa ɗalibansa kashi uku: 17 masu amfani, 20 da ba su kai ba tukuna, da 17 da ya ce ba su dace da aikin ba sam.

A shekarunsa na ƙarshe, idanunsa na dusashewa, ya kammala aikin da aka fi sani da Mass in B Minor. Ya fara shi tun 1733, lokacin da ya miƙa sassa biyu na farko ga sarkin Saxony a Dresden yana neman muƙami a fadarsa. Aikin ya ƙunshi dukkan matakan sujada ta Mas, daga roƙon jinƙai, zuwa yabo, da furta bangaskiya, har zuwa roƙon salama, cikin sassa 27. Mafi yawansa na muryoyi biyar ne, wani wuri shida, wani wuri takwas. Bai taɓa jin an rera shi gaba ɗaya ba. Rubutun hannunsa yana ɗakin karatu na gwamnati a Berlin, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kundinta na muhimman takardun tarihin duniya.

Wa ya tono waƙoƙin?

Bayan rasuwar Bach, ɗanɗanon jama'a ya sauya. Makaɗan ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututu, sun ci gaba da nazarin ayyukansa, amma manyan waƙoƙinsa na taro suka koma cikin akwatuna. Majami'u da fādodin sarakuna, waɗanda a da suke ɗaukar nauyin mawaƙa, sun juya ga sabon yayi.

Mutanen gari ne suka cike gurbin. A 1791 aka kafa ƙungiyar Sing-Akademie a Berlin, inda masu sha'awa, maza da mata, suke taruwa don nazarin tsofaffin waƙoƙin ibada. Ranar 11 ga Maris 1829, wani saurayi ɗan shekara 20, Felix Mendelssohn, ya jagoranci wannan ƙungiya ta rera aikin Bach na littafin Matiyu, bayan ya taƙaita shi. Jama'a suka yi tururuwa har aka maimaita. Daga nan aka farka. A 1850 aka kafa ƙungiyar da ta ɗauki nauyin buga dukkan ayyukan Bach, aikin da ya ci shekara 50. A Landan ma, a 1876, masu sa-kai ne suka haɗu domin rera Mass in B Minor cikakke karo na farko a Ingila, kuma ƙungiyarsu tana nan har yau.

Me ya sa sai Bethlehem?

Garin bai kai girman biranen da suke kusa da shi ba, wato New York da Philadelphia; ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa sun ɗan haura 75,000. Amma an gina shi a kan waƙa. Waɗanda suka kafa shi 'yan ɗarikar Morabiya ne, masu danganta kansu da Jan Hus, malamin addinin da aka ƙona a 1415. Bayan doguwar tsangwama, sun sake haɗuwa a 1722 a Herrnhut ta Jamus, a filin wani basarake mai suna Zinzendorf, daga can kuma suka bazu duniya. A jajibirin Kirsimetin 1741 Zinzendorf ya raɗa wa sabon matsuguninsu na Amurka sunan Baitalami, mahaifar Almasihu.

A wurin Morabiyawa waƙa ɓangare ce ta rayuwar yau da kullum. Tun 1744 suna da ƙungiyar makaɗa, kuma daga 1754 suna da masu busa turombon, wani irin kakakin tagulla, waɗanda suke hawa hasumiya su sanar da gari rasuwar ɗan'uwa ko shigowar idi. Yaro yakan tashi ya iya karanta rubutun sauti kamar yadda ya iya karanta wasiƙa. A 2024 UNESCO ta sanya tsohon matsugunin cikin wuraren tarihi na duniya.

A wannan gari aka haifi John Frederick Wolle a 1863. Ya je birnin Munich karatun ogan a wurin Josef Rheinberger, a can ya ji an rera aikin Bach na littafin Yohanna, ya dawo gida da ƙudurin sai mutanen garinsu sun rera shi. A 1888 ya cika burin tare da wata ƙungiyar mawaƙa da ya kafa, wanda shi ne karo na farko da aka rera aikin cikakke a Amurka. A 1892 suka yi na Matiyu. Amma da ya ɗora musu Mass in B Minor, sai mawaƙan suka ga abin ya fi ƙarfinsu, suka ja da baya, ƙungiyar ta watse.

Wolle ya ƙi sauya aikin da wani mai sauƙi. Sai a ƙarshen 1898 wasu mutanen garin suka sake tattaro mawaƙa, suka amince za su jure. Sun shafe fiye da shekara guda suna bita da dare bayan an tashi aiki. Ranar 27 ga Maris 1900, a babbar majami'ar Morabiya ta garin, masu busa suka buɗe taro daga hasumiya, mawaƙan suka rera aikin daga farko har ƙarshe. Manyan biranen Amurka masu kuɗi da ƙwararru ba su riga wannan ƙaramin gari ba.

Ƙarfe ya tafi, waƙa ta zauna

Tafiyar ba ta kasance ba tangarɗa. A 1905 Wolle ya karɓi aikin koyarwa a Jami'ar Kalifoniya, ƙungiyar ta yi shiru na wasu shekaru. Da ya dawo, aka farfaɗo da bikin a 1912, aka mayar da shi majami'ar Packer ta Jami'ar Lehigh. Cikin waɗanda suka tallafa da kuɗi har da Charles Schwab, shugaban kamfanin ƙarfe na Bethlehem Steel.

A wancan zamani kamfanin shi ne uwa da uban garin. Ya zama na biyu a girma cikin masu narka ƙarfe a Amurka, kuma ƙarfensa ne a jikin gadar Golden Gate ta San Francisco. Duk wanda aka tambaya a lokacin wanne zai daɗe tsakanin kamfanin da ƙungiyar mawaƙa, ba zai yi dogon tunani ba. Amma a 1995 aka kashe wutar narka ƙarfe a garin, a 2001 kamfanin ya bayyana karyewarsa, a 2003 aka sayar da kadarorinsa. Ƙungiyar mawaƙan kuwa ta ci gaba da bitarta ta mako-mako.

A tsawon tarihinta jagorori bakwai kacal ta yi. Wolle ya riƙe ta har rasuwarsa a 1933. Ifor Jones ya yi kimanin shekara 30. Greg Funfgeld ya karɓa a 1983, ya yi shekara 39, sannan Christopher Jackson ya gaje shi a 2022. A zamanin Funfgeld ƙungiyar ta rera waƙa a bikin kiɗa na BBC a Landan a 2003, ta kuma taɓa tsayawa a majami'ar Thomas ta Leipzig, inda kabarin Bach yake.

Yaya ƙungiyar take aiki?

Sa-kai a nan ba ya nufin kowa ya shigo. Sai an gwada muryar mutum da iya karatun sautinsa kafin a karɓe shi. Bayan haka akwai bita a kai a kai, da nazarin gida, da koyon furta Latin da Jamusanci daidai. Ana kula da abubuwan da mai sauraro ba zai lura da su ba sai an yi kuskure: inda za a ja numfashi, yadda mutum 20 za su sauke baƙi ɗaya a lokaci guda, da yadda mai ƙarfin murya zai rage tasa don kada ta fita daban. A wannan fage, wanda aka ji muryarsa ita kaɗai ya ɓata aiki.

Jagora, da makaɗan goge da sarewa da algaitar Turawa da kakaki da tambura, da mawaƙan da suke rera sassan mutum ɗaya, su ƙwararru ne da ake biya. Kuɗin yana fitowa daga tikiti, da gudummawar masu tallafi waɗanda wasunsu sun gaji al'adar daga iyaye, da asusun ajiya. Tun 2005 ƙungiyar take gabatar da waƙa kyauta da tsakar rana a majami'ar Morabiya, inda jagora kan yi wa jama'a bayanin aikin kafin a rera. Tana kuma kai waƙa makarantu, tana da reshen matasa.

Akwai irin waɗannan ƙungiyoyi da yawa a Turai da Amurka, mafi yawansu ƙanana. A New York, wata ƙungiya mai suna Renaissance Street Singers, wadda John Hetland ya kafa a 1973, ta shahara da rera waƙoƙin ibada na ƙarni na 15 da na 16 a bakin titi da tashoshi, ba tare da karɓar kuɗi ba. Abu biyu ne suka sauƙaƙa wa irinsu: waƙoƙin wancan zamani ba sa buƙatar kayan kiɗa, sannan babu mai haƙƙin mallakarsu. Tun 1998 akwai rumbun intanet na CPDL da ke raba dubban rubutattun waƙoƙin taro kyauta.

Muhawarar da ta taɓa tushen ƙungiyar

A farkon ƙarni na 20 ana ganin yawan mawaƙa shi ne ƙarfin waƙa, har ƙungiyar Bethlehem ta taɓa haura mutum 200. Daga baya masana suka fara tambayar yadda Bach kansa ya ji waƙoƙinsa. Aka koma ga kayan kiɗa irin na zamaninsa, da saurin tafiya, da ƙananan ƙungiyoyi. A 1981 wani masani Ba'amurke, Joshua Rifkin, ya kai maganar ƙarshe. Bayan nazarin takardun da mawaƙan Bach suka riƙa dubawa, ya ce galibi mutum ɗaya ne yake rera kowace murya. Ya kuma naɗi Mass in B Minor a faifai bisa wannan tsari. Andrew Parrott na Ingila ya mara masa baya da littafi a 2000.

Wasu manyan masana, irin su Christoph Wolff da Ton Koopman, ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce takardar koken nan ta 1730, inda Bach ya nemi aƙalla mutum uku a kowace murya, ya ce huɗu sun fi. Ɓangaren Rifkin kuma suka ce wannan adadin 'yan ƙungiya ne domin maye gurbin marar lafiya, bai nuna yawan masu rerawa a lokaci guda ba. Har yau ba a rufe maganar ba.

Ga ƙungiyar sa-kai, muhawarar ba ta ilmi kaɗai ba ce. Idan ƙwararru takwas sun isa, mene ne amfanin tara mutum ɗari? Amsar da ƙungiyoyi irin ta Bethlehem suka bayar a aikace ita ce rage yawa, da sauƙaƙa murya, da ɗaukar darasi daga binciken masana, ba tare da rufe ƙofa ga mutanen gari ba. Masu kare su suna tunatar da cewa ba don masu sa-kai na Berlin da Landan da Bethlehem ba, da babu kasuwar da ƙwararrun suke ci a yau. Suna kuma cewa wanda ya shafe shekara yana koyon murya ɗaya ta wannan aiki ya san shi ta hanyar da mai sauraron faifai ba zai taɓa saninsa ba.

Ƙalubalen da ke gaba

Na farko shi ne magada. Ƙungiyar sa-kai tana dogara ne ga samun mutanen da suka iya karatun sauti tun suna yara, kuma suke da daren da za su sadaukar kowane mako. Shi ya sa ake zuba ƙarfi a makarantu da reshen matasa, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Na biyu shi ne sauyin matsayin addini a rayuwar Turawa da Amurkawa. An tsara waƙoƙin ne domin sujada, amma yanzu akasari a taron sauraro ake jin su, kuma masu rerawa sun haɗa da mabiya ɗariku da addinai daban-daban, har da waɗanda ba sa bin kowane. Wani yana rerawa a matsayin ibada, wani a matsayin fasaha, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa.

Na uku ya bayyana a 2020. Ranar 10 ga Maris na shekarar, wata ƙungiyar mawaƙan sa-kai a gundumar Skagit ta jihar Washington ta yi bita da mutum 61. Rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna 53 daga cikinsu sun kamu ko ana kyautata zaton sun kamu da cutar korona, biyu suka rasu. Waƙar taro ta shiga sahun abubuwan da aka fi tsoro, ƙungiyoyi a faɗin duniya suka dakatar da haɗuwa. Wasu sun gwada bita ta intanet, amma jinkirin isar sauti ba ya barin muryoyi su haɗu daidai. Ta Bethlehem ta koma watsa shirye-shiryenta ta bidiyo har lokacin da aka sassauta dokoki.

Bayan annobar, bikin watan Mayu ya dawo, kuma Mass in B Minor yana nan a matsayin babban aikin da ake rerawa a cikinsa, kamar yadda aka faro a 1900.